Mamman Shata: Rayuwarsa, da tafiyar muryarsa daga faifai zuwa wayar salula

A Zinder, idan dare ya yi aka ɗora butar shayi a fadar matasa, ko a Birni ko a Zango, ba a cika rasa wayar da kalangun Alhaji Mamman Shata zai tashi daga cikinta ba. Haka abin yake a ɗakunan 'yan ci-rani a Agadas da Tamanrasset da Sabha da Legas, inda waƙar gida ke rage wa mutum kewa. Da yawa daga masu sauraren nan ba a haife su ba, wasu kuma suna goye, a ranar Juma'a 18 ga Yunin 1999 da Shata ya bar duniya.

Sai dai abin da ke fitowa daga waɗannan wayoyi sau da yawa ragowar muryar ce kawai. Ta bi ta faifai, ta bi ta kaset, an kwafe ta daga kwafi, an matse ta, an tura ta daga waya zuwa waya, kuma a kowane zango sai ta bar wani abu a baya. Ga mawaƙin da bai rubuta waƙa a takarda ba, wannan babbar magana ce, domin sautin da aka naɗa shi ne gadon da ya bari.

Ɗan tallan goro daga Musawa

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a shekarar 1923 a garin Musawa da ke ƙasar Katsina. Mahaifinsa Ibrahim Yaro Bafulatani ne, mahaifiyarsa kuma Lariya. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne. A ƙasar Hausa ta wancan zamani kiɗa sana'ar gado ce, kuma ana lissafa ta cikin roƙo, don haka mahaifin bai so ɗansa ya kama wannan hanya ba.

Ya yi karatun allo kamar sauran yara, sannan ya shiga talla. Ya fara da goro, daga baya ya koma alewa. Masu tarihinsa sun nuna cewa a wurin tallan goron ne laƙabin Shata ya kama shi, saboda halinsa na rabar da ribar da ya samu tun kafin ya isa gida, kuma wani dattijo mai suna Baba Salamu ne ya liƙa masa sunan. Da dare kuwa dandali ne wurinsa, inda samari da 'yan mata ke taruwa a yi kiɗa da waƙa. A nan ya fara gwada murya don nishaɗi, ba don kuɗi ba, har ya kere sa'o'insa.

Da waƙa ta rinjayi talla, sai ya bar Musawa ya koma Bakori, ƙarƙashin kulawar Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa da ke aiki a can. Daga Bakori ya riƙa zagaya garuruwa da kasuwanni, yana yi wa sarakuna da attajirai da manoma waƙa. Sunansa ya fito sosai a 1952, lokacin da ya yi wasa a Bikin 'Yan Sarki a Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A 1960 ya koma Funtuwa, garin auduga da tashar jirgin ƙasa, wanda ya zama gidansa har ƙarshen rayuwarsa.

Waƙar da ba ta maimaita kanta

Shata bai zama makaɗin fadar kowa ba. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Ma'azu Ɗan Alalo yana da fadar Damagaram, amma Shata na kowa ne. Ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa da soja da mai bori. Ya yi waƙar noma, ya yi ta daji da namunsa. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, tsakanin 1967 da 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa wa sojoji gwiwa. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi waƙar Kumbo Apollo 11, ya kawo labarin cikin Hausar da talaka zai gane. Ya yi yabon Annabi, ya kuma yi waƙar shaye-shaye wadda ta jawo masa fushin malamai. Wanda ya kyautata masa ya sha yabo, wanda ya saɓa masa ya sha zambo.

Kayan aikinsa kalangu ne, gangar da aka fi sani da mahauta da kiɗan 'yan mata kafin ya ɗaga darajarta. Makaɗi na rataya ta, yana matsa igiyoyin jikinta da hammata yana saki, sai sautin ya hau ya sauka kamar maganar mutum. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti. Hawa da saukar murya ne ke raba wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar rayuwa. Shi ya sa kalangu ke iya faɗin kirari ba tare da baki ba, kuma mai kunnen Hausa ya ji ya gane.

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne yadda yake ƙirƙirar waƙa nan take. Yakan ba 'yan amshi amshinsu, kalangu ya kama, shi kuma ya riƙa zubo baiti gwargwadon wurin da mutanen da ke gabansa. Idan ya sake rera waƙar gobe a wani gari, amshin na nan, amma baitoci sun sauya: an ƙara sunaye, an zubar da wasu, wani sabon labari ya shigo. Bakandamiya, waƙar da yake wasa kansa a cikinta, tana da naɗi iri-iri, kuma kowanne da abin da ya bambanta shi. Shi kansa bai iya ƙidaya waƙoƙinsa ba.

Wannan baiwa ce ta sa jami'o'i suka waiwaye shi. A 1975 Dandatti Abdulƙadir ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, daga nan ake kiransa Dakta. Gwamnatin Najeriya ta ba shi lambar girma ta MON. Ya taɓa siyasa ma: ya yi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, ya kuma shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa a jamhuriya ta uku.

Ga mai tara waƙoƙi, ma'anar wannan salo a fili take. Kowane naɗi na Shata abu ne guda da ba shi da na biyu. Idan kaset ɗaya tilo da ke ɗauke da wasan wani dare ya lalace, waƙar wannan dare ta tafi ke nan.

Daga garmaho zuwa kaset

Shata ya yi zamani da kusan kowace irin na'urar naɗar sauti. Garmahon da aka fara sani a ƙasar Hausa yana aiki ne da faifai mai juyi 78 a minti ɗaya. Faifan na da nauyi, yana fashewa idan ya faɗi, kuma gefe ɗaya ba ya wuce kamar minti uku. Ga mawaƙan Hausa da ke iya kwashe rabin sa'a a kan amshi ɗaya, wannan ƙaramin mazubi ne ƙwarai.

A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi, wanda gefe ɗaya ke ɗaukar minti 20 ko fiye. A irin wannan faifai ne kamfanin EMI na Najeriya ya fitar da waƙoƙin Shata. An naɗe su ne da na'urorin kamfani, ba a cikin hayaniyar biki ba, shi ya sa masu tara faya-fayai ke nemansu har yau. Amma faifai kayan masu hali ne. Yana buƙatar na'ura da allura da wuri mai tsabta.

Abin da ya kai Shata kowace bukka shi ne rediyo. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, yana da zangon da ke tsallake iyaka, kuma mutanen Damagaram da Maraɗi da Tawa sun daɗe suna kama shi kamar yadda suke kama Rediyon Nijar, wanda ya fara aiki a 1958 kuma daga baya ya zama Muryar Sahel. Gidajen rediyo sun naɗi mawaƙa a kan manyan zarurrukan tef, kuma yawancin waƙoƙin da ba su taɓa hawa faifai ba ta nan suka tsira.

Sai kaset ya zo. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, kuma zuwa shekarun 1970 da 1980 rikoda mai batir ta shiga shaguna da tashoshin mota da rugage. Kaset ya dace da Shata: mai minti 60 ko mai minti 90, yana shiga aljihu, kuma kowa na iya danna maɓalli ya naɗi wasa a biki ko daga rediyo. Daga kasuwannin Kano kasusuwa suka riƙa bin motoci zuwa Daura da Magarya da Zinder.

Araharsa kuwa tana da farashi. Duk lokacin da aka kwafi kaset daga kaset, ƙarar shuu tana ƙaruwa, siririn sauti yana raguwa. Masu kwafi don sayarwa sukan yi da sauri, a kan kaset mai arha, daga kwafin da shi ma kwafi ne. Idan batir ya yi sanyi ko injin bai daidaita ba, gudun zaren na sauyawa, muryar ta yi kauri ko ta yi siriri fiye da yadda take. Kwafin barkatai ya kuma karya kasuwar faifai, ya hana mawaƙa da kamfanoni cin guminsu.

Daura, ƙofar Damagaram

A cikin iyayen gidan Shata, babu wanda sunansa ya fi haɗuwa da nasa kamar Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966. Waƙar da ya yi masa tana cikin waɗanda aka fi sani, kuma amincinsu ya wuce na mawaƙi da mai kyauta.

Ga mutumin Zinder, Daura ba nesa ba ce. Hanyar da ta bi ta Matameye da Ɗan Barto ta tsallaka Kwangwalam tafiyar 'yan sa'o'i ce. Tarihi ma ya haɗa su. Bayan jihadin farkon ƙarni na 19, gidan sarautar Daura na asali ya koma Zango da Baure, inda ya zauna ƙarƙashin inuwar Damagaram, har zuwa 1904 da Turawan Ingila suka mayar da Malam Musa kan gadon Daura. Sarki Bashar daga wannan zuriya ya fito. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba haraji da tuta da harshen boko, amma kunne ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Shi ya sa a Damagaram ba a ɗauki Shata baƙon mawaƙi ba.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da jinya. An kai shi asibiti a Jidda, sannan ya rasu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. An kai gawarsa Daura, garin ubangidansa, aka yi masa sutura a can. Ya shafe fiye da shekara 50 yana waƙa. A 2006 Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

Me mimori ya rage?

Bayan rasuwarsa ne wayar salula ta mamaye ƙasar Hausa. Masu tura waƙa suka kafa tebura da kwamfuta a kasuwanni irin Kasuwar Dole ta Zinder, suna cika wa mutane mimori da kuɗi kaɗan. Daga baya Bluetooth da WhatsApp da YouTube da TikTok suka karɓi aikin. Ba a taɓa samun lokacin da Shata ya fi saukin samu kamar yanzu ba.

Amma lissafin ingancin ga shi. Faifan CD, wanda ya fito a 1982, yana ɗauke da bayanin sauti kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. Tsarin MP3 kuwa an ƙirƙire shi ne don rage nauyi, ta hanyar zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura da shi ba. MP3 mai kilobit 128 kusan kashi ɗaya ne cikin goma sha ɗaya na nauyin CD. Idan tushen mai kyau ne, wannan kan wadatar da mai saurare. Matsalar ita ce yawancin waƙoƙin Shata da ke yawo daga tsohon kaset aka ɗauko su, wani lokacin ma ta hanyar kara waya a bakin lasifika. Daga nan a matse, a ɗora a intanet a sake matsewa, wani ya sauke ya yanka ya sake turawa. Abin da aka zubar ba ya dawowa, ko da an mayar da fayil ɗin babba daga baya.

Abin da ke fara ɓacewa shi ne kaifin baƙaƙe a bakin mawaƙi, da bugun gula a kan fata, da rabewar muryoyin 'yan amshi. Sai kalangu ya koma dundum kawai, sunayen mutane da na garuruwa su cakuɗe. Yaron da ya tashi a Yamai ko Abijan, wanda Hausarsa ba ta nuna sosai ba, zai ji daɗin kiɗan amma rabin maganar ta wuce shi. A waƙar Shata kuwa, maganar ce jarin.

Akwai wata asarar kuma. Faifai yana zuwa da kwali mai suna da lamba. Tsohon kaset ma akan rubuta masa wuri da shekara da biro. Fayil ɗin waya sau da yawa ba shi da komai sai suna ɗaya, wani lokacin ma na kuskure. An yanke farko, an yanke ƙarshe, ba a san inda aka rera ba, ba a san don wa ba.

Masu farautar faifai

A ƙasashen Turai da Amurka faifan roba ya dawo kasuwa. A Amurka kuɗin da aka samu daga sayar da shi ya zarce na CD a 2020, sannan a 2022 ya zarce shi a yawan adadi. Wannan ya sa dillalai ke bin Afirka ta Yamma suna sayen tsofaffin faya-fayai da araha, su sayar da tsada a intanet. Nijar ma ta shiga wannan kasuwa. A 2011 kamfanin Sahel Sounds ya fitar da faifan waƙoƙin da aka tattaro daga mimorin wayoyi a Sahara, ciki har da ta Mdou Moctar. A 2013 kuma ya sake fitar da kiɗan da Mamman Sani ya naɗa a kaset tun 1978.

Masoya sauti sun daɗe suna gardama a kan wanne ya fi daɗi, faifai ko dijital. Game da Shata, gardamar ba ta nan take ba. Kwafin dijital da aka ɗauka da kyau daga faifai mai tsabta yana riƙe duk abin da ke cikinsa, kuma ba ya ƙara lalacewa komai yawan kwafi, muddin ba a sake matse shi ba. Darajar faifai da tef ɗin rediyo ita ce kusancinsu da bakin mawaƙin. Su ne tushe.

Tushen kuma yana cikin haɗari. Zafin bazara a Zinder yana wuce digiri 40, kuma faifan roba na lanƙwashewa a irin wannan zafi. Ƙurar hunturu na shiga layukansa, tsohuwar allura na cinye su. Zaren kaset na manne wa juna ko ya tsinke. Injinan da za su karanta su ma suna ƙarewa, masu gyaransu suna tsufa. Sau da yawa idan mai gida ya rasu, akwatin kasusuwansa na cikin abin da ake fara zubarwa.

Idan wannan ne halin Shata, wanda kamfani ya buga wa faifai kuma aka rubuta wa littafi, to halin Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram da Ɗan Gurmu na Tawa, waɗanda rediyo da kaset suka fi yaɗawa, ya fi bukatar gaggawa.

Abin da mai akwati zai iya yi

Wanda ya gaji faifai ya ajiye shi a tsaye cikin kwalinsa, a inuwa, kada ya jibga wani a kan wani. Kaset ya nisanci rana da lasifika, domin maganaɗisun da ke cikinta na goge sauti. Idan za a juya zuwa kwamfuta, a haɗa da waya daga injin kai tsaye, a adana a tsarin WAV ko FLAC waɗanda ba sa zubar da komai, sannan a ciri MP3 daga ciki don saurare. A ɗauki hoton kwalin da duk rubutun da ke jiki. A tambayi dattawan gida inda aka samo shi da shekarar, a rubuta. A ajiye kwafi a wuri biyu. Wajen turawa ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, kada a sake naɗa da makirufon waya. Bayan an gama kuma kada a yar da na asalin.

Akwai cibiyoyin da aikinsu ya shafi adana irin wannan gado, kamar CELHTO da IRSH a Yamai, da Gidan Arewa a Kaduna, da cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero a Kano. 'Yan ci-rani ma suna da rawar takawa, domin su ne suka fi samun injuna masu kyau a inda suke, kuma su ne suka fi jin ƙishin muryar gida.

Shata ya fara ne da rabar da ribar goro a kan hanya, kuma haka ya yi da waƙa: ya zuba ta a bukukuwa da gidajen rediyo da rikodojin mutane, bai tara ta wuri ɗaya ba. Wani kaso nata yana nan cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gadaje, a Funtuwa da Kano da Daura da Zinder, yana jiran wanda zai buɗe kafin zafi da ƙura su riga shi.

Allah Ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, Ya gafarta masa.